Ɗakin gwajin talaka ya fi kowa bukatar kemistiri mai tsafta: martani ga Malam

Na karanta rubutun da wani babban malaminmu na kimiyyar sinadarai ya yi kwanakin baya, inda ya soki masu kiran a shigar da darasin kemistiri mai tsafta, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da kore, da tarbiyyar kauce wa haɗari cikin karatun jami'o'inmu. Hujjarsa, in na fahimce ta daidai, ita ce wannan kwalliya ce ta ƙasashen da suka ƙoshi. Mu da ba mu da ruwan famfo a ɗakin gwaji, ba wutar lantarki, ba isassun sinadarai, ɗalibai goma na cincirindo a kan kwalba ɗaya, ina mu ina wannan zance? Ya ƙara da cewa manhaja ta cika maƙil, cewa gwaje-gwajen da aka sassauta suna fitar da ɗalibai marasa ƙwari, kuma kiyaye kai a ɗakin gwaji abu ne na hankali da ba sai an buɗe masa aji ba, domin ya shekara da yawa yana koyarwa bai taɓa ganin an rasa rai ba.

Malam ya girme ni a shekaru da ilimi, kuma abin da ya faɗa game da halin ɗakunan gwajinmu gaskiya ne tsantsa. Na zauna a cikinsu. Da bakina na zuƙi ruwan soda mai ƙuna ta bututun awo a shekarata ta farko, domin babu robar zuƙa, kuma babu wanda ya ce mini kada in yi. Na ga akwatin zuƙe hayaƙi da ya koma ma'ajiyar tsofaffin takardun jarrabawa. Na shiga sito na ga kwalabe jere waɗanda rubutun jikinsu ya goge tun kafin a haife ni, mai kula da wurin da kansa yana tsoron taɓa su. Saboda haka ba zan yi musu da Malam kan talaucinmu ba. Inda muka rabu shi ne abin da talaucin ke wajabta mana. Shi yana ganin uzuri ne na jinkirta wannan darasi. Ni kuwa ina ganin shi ne dalili mafi ƙarfi na fara shi gobe da safe.

Bari mu soma da abin da ake nufi da kemistiri mai tsafta, domin sunan kore ya sa wasu na zaton maganar dashen itatuwa ce. A 1998 wasu masana biyu na Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka fitar da littafi mai ɗauke da ƙa'idoji 12. Ta farkonsu ita ce gara a hana sharar sinadari samuwa tun farko da a tsaya neman yadda za a kawar da ita bayan ta samu. Sauran suna bin wannan sawu: a zaɓi hanyar da yawancin kayan da aka zuba za su ƙare cikin abin da ake nema, a musanya ruwan narkarwa mai guba da marar guba, a yi aiki a zafin ɗaki in zai yiwu, a zaɓi sinadaran da ba sa saurin kamawa da wuta ko fashewa. To, Malam, wa ya fi bukatar wannan? Jami'ar da ke da kamfanin da zai zo da mota duk wata ya kwashe mata shara ya ƙona a tanda ta musamman, ko kuwa mu da sharar ke bin bututu ta faɗa kwata, kwata ta kai ta rafin da ake ban ruwan alayyafo da latas? Mai akwatin zuƙe hayaƙi ashirin zai iya wasa da benzin da kulorofom. Mu da ɗalibai ɗari ke shaƙar iskar ɗaki ɗaya mai tagogi huɗu, huhunsu ne akwatin zuƙe hayaƙin.

Akwai wani tarihi da nake so Malam ya duba. Tsarin yin gwaji da ɗan ƙanƙanin sinadari ya bunƙasa a koyarwa ne saboda matsin aljihu. A farkon shekarun 1980, kwalejin Bowdoin a Amurka ta sami kanta da tsohon gini wanda iskarsa ba ta fita yadda ya kamata, gyaransa kuma na bukatar kuɗi masu yawa. Sai malamanta, Dana Mayo da Samuel Butcher, tare da Ronald Pike na wata kwaleji, suka ce maimakon a faɗaɗa hanyar fitar hayaƙi, a rage hayaƙin. Suka sake tsara gwaje-gwajen yadda abin da ake yi da giram goma zai yiwu da ɗan miligiram. Daga baya, a nan Afirka, cibiyar RADMASTE ta Jami'ar Witwatersrand a Johannasbag, ƙarƙashin John Bradley, ta ƙera 'yan ƙananan kayan gwaji na roba domin makarantun da ba su da ɗakin gwaji ko kaɗan, hukumar UNESCO kuma ta yaɗa su a ƙasashe da dama. Mu yi lissafi mai sauƙi. Ajin ɗalibai 300, kowa ya yi amfani da mililita 100 na asid, an sha lita 30 ke nan, kuma lita 30 ce za a zubar. A mayar da gwajin na ɗigo, kowa mililita 2, sai a tashi da ƙasa da lita ɗaya. Kwalbar da ke ƙarewa a mako guda ta isa shekara. Abin da ya fi wannan daɗi, kowane ɗalibi zai yi gwajin da hannunsa, maimakon tara su tsaya suna leƙe ta kafaɗar na goma, su kwafi sakamakonsa su miƙa. Malam ya koka da ƙarancin sinadarai, kuma maganin kukansa na cikin abin da yake suka.

Haka batun musanye yake. Shekaru da dama ana koyar da mayar da saikuloheksanol zuwa saikuloheksanon da gishirin daikuromet, mai ɗauke da nau'in kuromiyam da aka tabbatar yana jawo ciwon daji. Ana iya yin wannan gwaji da ruwan bilic irin na wanki da ɗan asid na binega, a koyi darasi iri ɗaya, a sami abin da ake nema. Bilic na nan a kowane shago a bakin ƙofar jami'a. Ma'aunin zafi mai zaiba, wanda in ya fashe ƙwayoyinsa ke shigewa tsagar siminti su yi ta fitar da tururi shekara da shekaru, ana maye gurbinsa da mai jan ruwa, kuma duniya ta riga ta ɗauki wannan hanya tun yarjejeniyar Minamata ta 2013. Ruwan zoɓo ja ne a cikin asid, ya koma kore in ya haɗu da kanwa, ya isa a nuna wa ɗan shekarar farko yadda manunin asid ke aiki kafin a kai shi ga na kwalba. Cikin waɗannan duka babu wanda ke bukatar dala ko izinin shigo da kaya.

Sai zargin da na fi ɗauka da nauyi, cewa irin wannan karatu yana raunana ɗalibi. Ina roƙon Malam ya ɗauki ƙwayar ibufurofen, wadda ke cikin kowane kemis a unguwarmu. Kamfanin Boots na Ingila ne ya samar da ita a shekarun 1960, ta hanya mai matakai shida, inda kusan kashi 40 cikin ɗari kawai na nauyin kayan da aka zuba ke ƙarewa cikin maganin, sauran ya tafi shara. A farkon shekarun 1990 kamfanin BHC ya fito da hanya mai matakai uku, wadda ta kai kusan kashi 77, kuma asid ɗin da ke fita a gefe ana tattara shi a sake amfani da shi. A 1997 aka ba wannan hanya lambar yabo ta shugaban Amurka kan kemistiri mai tsafta. Ɗalibin da aka ajiye wa hanyoyin nan biyu aka ce ya lissafa inda kowace ƙwayar zarra ta tafi, ya faɗi dalilin da ya sa mai gaggauta haɗi da ake sake amfani da shi ya fi sinadarin da ake zubawa ya ƙare, wannan ɗalibi ya fi wanda ya bi takardar umarni kamar mai bin kwatancen girki aiki da ƙwaƙwalwa. Mun saba tambayar ɗalibi giram nawa ya samu. Barry Trost na Jami'ar Stanford ya koya mana tun 1991 mu ƙara tambaya ta biyu: nawa ya zubar kafin ya samu? Roger Sheldon ya nuna cewa a masana'antar magunguna kilo ɗaya na magani kan bar shara kilo 25 zuwa 100, wani lokaci ma fiye. Wanda ya fita jami'a bai taɓa jin wannan tambaya ba, shi ne aka ba rabin ilimi.

Da Malam ya ce wannan damuwar Turawa ce, sai na tuna Koko. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a wannan ƙaramin gari na bakin ruwa, a jihar Bendel ta wancan lokaci, abin da ya tilasta wa gwamnati kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Na tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duk mai bin bayan Sharaɗa da Challawa a Kano ya san launin ruwan da ke fitowa daga wuraren jima. Ɗaliban da muke yayewa su ne za su zauna a ofisoshin NAFDAC da NESREA, su ne za su kula da tankunan masana'antu, su ne za su koyar a sakandare. Wanda ya shekara huɗu yana ganin malaminsa na tuttular da daikuromet a wurin wanke hannu, da wane ido zai ga laifin mai masana'antar da ya saki nasa cikin kogi? 'Yan'uwanmu na Habasha ba su jira sun yi arziki ba. Nigist Asfaw ta Jami'ar Addis Ababa, tare da Martyn Poliakoff na Nottingham da abokan aikinsu, sun daɗe suna gina wannan fanni a can, har suka tsara ƙa'idoji na musamman da suka dace da halin Afirka.

Yanzu ga maganar kiyaye kai, wadda Malam ya ce hankali ya isa. A nan zan ɗan daɗe, domin rai ake magana.

Ranar 29 ga Disamba 2008, wata yarinya 'yar shekara 23, Sheharbano Sangji, wadda ta taso a Karachi ta Pakistan, tana aiki a ɗakin gwajin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan da fara aikinta. Tana ɗibar wani sinadari mai suna tat-butil-litiyam da sirinji, irin wanda ke kamawa da wuta da zarar ya sha iska. Sandar sirinjin ta fice, ruwan ya zubo mata. Ba ta sanye da rigar ɗakin gwaji, rigar sanyin da ke jikinta kuma ta zaren roba ce. Akwai famfon wanka na gaggawa a ɗakin, ba a kai ta ƙarƙashinsa ba. Ta ƙone a sama da kashi 40 na jikinta, ta rasu bayan kwana 18. Bincike ya nuna babu shaidar an horar da ita yadda ya kamata kan wannan sinadari, kuma watanni biyu kafin haɗarin masu duba na jami'ar sun ga kurakurai a ɗakin, ciki har da rashin sa rigar aiki, ba a kuma gyara a kan lokaci ba. An gurfanar da farfesan da ke kula da ita, Patrick Harran, a kotu, aka daidaita a 2014 kan aikin al'umma na awa 800 da biyan dala 10,000. Wannan jami'a ba ta rasa kuɗi ba, ba ta rasa riga ba, ba ta rasa ruwa ba. Yarinyar kuma ba ta rasa hankali ba, ta gama digirinta na kemistiri da kyakkyawan sakamako. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya a kanta ya ce ba a taɓa wannan kwalba sai an yi kaza da kaza, da kuma ɗakin da kowa a cikinsa zai ji nauyin ganin wani ba riga.

A Janairun 2010, a Jami'ar Texas Tech, wani ɗalibin digiri na uku ya haɗa kusan giram 10 na wani sinadari mai fashewa, alhali malamansa sun ɗauka kowa ya san ba a wuce miligiram 100. Ba a rubuta wannan iyaka a ko'ina ba. Yana dama shi a turmin gwaji sai sinadarin ya fashe, ya rasa yatsu uku, idonsa ya ji rauni. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa an taɓa samun ƙananan haɗurra biyu a ɗakunan waɗannan malamai kafin nan, ba a ɗauki darasinsu an isar ga sauran ɗalibai ba. Ga kuma Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth, wadda ƙwarewarta ma a kan gubar ƙarafa take. A Agustan 1996 ɗigo ɗaya ko biyu na wani haɗin zaiba ya zuba a kan safar hannunta ta roba. Ta bi duk ƙa'idar da aka sani a lokacin. Daga baya aka gwada aka ga gubar na ratsa irin wannan safa cikin daƙiƙoƙi. Ta rasu a Yunin 1997. Labarinta ne ya fi nuna inda kemistiri mai tsafta da kiyaye kai suka zama abu ɗaya: safa da tabarau katanga ce ta ƙarshe, kuma katanga na iya tsagewa, amma gubar da ba a shigo da ita ɗaki ba ba ta da hanyar kai wa ga kowa.

Malam ya ce bai taɓa ganin an rasa rai ba. Alhamdu lillahi, Allah ya ci gaba da tsarewa. Sai dai ina tambaya, cikin girmamawa: a ina ake rubuta haɗarin da bai kai ga mutuwa ba? A sashen da na yi karatu, duk wanda ya fasa kwalba sai ya biya kafin a sa masa hannu a takardar kammalawa. Sakamakon haka shi ne mun ƙware wajen ɓoyewa. Wata 'yar ajinmu asid ya zubo mata a hannu, ta naɗe da gefen mayafinta ta yi shiru har aka tashi, domin tsoron faɗa da tsoron biya. Tabon na nan a hannunta. A lissafin sashen, ranar nan ba abin da ya faru. Shirun da Malam ke ji yana iya zama na lafiya, yana kuma iya zama irin wannan. Ciwon da benzin ke sawa a jini ma ba ya bayyana ranar gwaji, sai bayan shekaru, lokacin da ba mai danganta shi da ɗakin da aka shaƙe shi. Ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda ke kwana su tashi cikin wannan iska shekara talatin, su ne suka fi kowa ɗaukar wannan kaya, su ne kuma ba a cika tambayar ra'ayinsu ba. Na san akwai mai cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Haka ne, mun yi imani. Amma malaman da suka koya mana wannan su ne suka koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, kuma ɗan wani da aka damƙa mana amana ne.

Akwai ma abubuwan da littafin Turawa ba zai faɗa mana ba, sai mun zauna mun tsara da kanmu. Ɗalibanmu mata na shiga da hijabi da mayafi, yawanci na zaren roba, wanda in ya kama wuta narkewa yake ya manne da fata. Maza na shiga da riga mai faɗin hannu da silifa. Ba wanda ke cewa a cire hijabi. Abin da ake bukata shi ne sashe ya ce a sa gajere na auduga, a cusa shi cikin rigar aiki, a sa takalmi rufaffe. A lokacin zafi, sa'ad da ɗaki ke kai wa maki 40, sinadarai masu saurin tashi suna cika iska fiye da yadda marubucin littafi a Landan ya zata. Wa zai koya wa yaro wannan in an bar shi da hankalinsa?

Game da cikar manhaja, amsar gajeriya ce. Sabon tsarin da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ta ga ya dace da ita. Ko ba wannan, ni ban fi son a buɗe sabon kwas ba, domin ɗalibi zai haddace shi ya ci jarrabawa ya manta. Na fi son minti goma a farkon kowane gwaji, ɗalibi ya rubuta da hannunsa mene ne mai cutarwa a nan, me zai iya faruwa, yaya za a rage shi, me za a yi in ya faru, ina sharar za ta tafi. A ba wannan maki kamar yadda ake ba sakamako. Malami kuma ya sa tabaransa kafin ya ce wani ya sa, domin yara idonsu na kan abin da muke yi fiye da abin da muka liƙa a bango.

Inda Malam ke da gaskiya ba zan ɓoye ba. Ɗalibin kemistiri dole ya iya riƙe asid mai ƙarfi, dole ya san yadda ake aiki da abu mai haɗari, domin zai gamu da shi a wurin aiki, kuma akwai gwaje-gwajen shekarar ƙarshe da ba su da madadi. Waɗannan suna bukatar akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki, da ruwa, da abin kashe gobara da bai lalace ba, kuma haƙƙi ne a kan hukumomin jami'a da asusun TETFund su samar. Zan tsaya tare da Malam a duk inda za a nemi wannan. Amma kafin kuɗin su zo, ɗalibai na shiga ɗakin nan kowace Talata da Alhamis.

Roƙona ga Malam shi ne, a zangon karatu mai zuwa ya ɗauki gwaji ɗaya tak daga cikin na 'yan shekara ta biyu, ya cire daikuromet ya sa bilic. Ya ajiye jarka mai rubutu a gefen wurin wanke hannu domin shara. Ya sayi littafin rubutu na naira kaɗan ya ajiye a bakin ƙofa, ya sanar cewa duk wanda ya rubuta haɗarin da ya same shi ko ya kusa samunsa ba za a ci shi tara ba, ba za a rage masa maki ba. A ƙarshen zango ya buɗe littafin ya karanta, sannan ya sake rubuto mana.